Da Wane Mudu Za Mu Auna Amfanin Ilimi?

Ina godiya ga editocin wannan mujalla tamu da suka ba ni fili in tofa albarkacin bakina a kan wata tambaya da ta shafi duk wanda ya baro gida ya zo neman ilimi mai zurfi, musamman mu da ke ɓangaren kimiyya. Tambayar ita ce: idan aka ce binciken wane ya yi tasiri, me ake nufi? Kuma idan masanin ƙasa mai hali ya haɗa hannu da masanin ƙasa irin tamu, wane hakki ne ke wuyan kowannensu game da mutanen da aka ɗebi jininsu aka yi aikin? Zan yi amfani da fannin da na fi kusa da shi, wato ilimin ƙwayoyin gado, amma ina fata injiniya da mai nazarin tattalin arziki su ma za su tsinci kansu a ciki.

Ga wanda ba fanninsa ba ne, ga bayani a taƙaice. A cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum akwai wani dogon rubutu da ake kira DNA, mai haruffa wajen biliyan 3, waɗanda aka tsara su da baƙaƙe huɗu kacal. Rabi mutum ya gada daga uwa, rabi daga uba. A shekarar 2003 aka kammala aikin farko na karanta wannan kundi, bayan an kashe dala biliyan kusan 3. Yau kuwa da ƙasa da dala dubu ana iya karanta na mutum guda. Da zarar abu ya yi araha haka, to jinin talaka ya zama haja, kuma tambayar hakki ta zama dole.

Mudun jami'a

Duk wanda ya yi digiri na biyu a ƙasashen nan ya san mudun da jami'a ke awo da shi. Ana ƙirga takardun da mutum ya buga a mujallun kimiyya, da yawan lokutan da wasu masana suka ambaci takardun a nasu rubutun, da kuɗin tallafin bincike da ya jawo wa makarantarsa. A 2005 wani masanin fiziya a Kalifoniya mai suna Jorge Hirsch ya dunƙule wannan lissafi cikin lamba ɗaya: idan lambarka 20 ce, kana da takardu 20 waɗanda aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. Da wannan lamba ake ɗaukar aiki, da ita ake ƙarin girma. Ba na raina ta, domin ta fi a bar abin a hannun sanayya da 'yan'uwantaka, kuma mu da muka fito daga inda takardar babban mutum ke buɗe ƙofar ofis mun san darajar ma'aunin da ba ya duban fuska. Sai dai abin da take aunawa shi ne yadda masana ke sauraron junansu. Ba ta san ko wani yaro ya rayu saboda aikin ba.

A nan garin Greensboro da nake karatu, a jihar Karolina ta Arewa, akwai misalin da ya dace mu duba. Jami'ar A&T, wadda aka kafa a 1891 domin baƙar fata a lokacin da sauran jami'o'in jihar ba sa karɓarsu, ita ce makarantar ɗalibai huɗun nan da suka zauna a teburin cin abinci na kantin Woolworth ranar 1 ga Fabrairu 1960 suka ƙi tashi, har abin ya bazu ko'ina a kudancin Amurka. A 2005 Farfesa Joseph Graves ya zo wannan jami'a. Shi ne baƙar fatar Amurka na farko da ya sami digirin digirgir a fannin nazarin yadda halittu ke sauyawa daga tsara zuwa tsara, a jami'ar Wayne State ta birnin Detroit a 1988. Ya fara ne da nazarin tsufa a jikin ƙananan ƙudajen da ke bin 'ya'yan itace, daga baya ya koma kan ƙwayoyin bakteriya.

Ɗaya daga cikin ayyukansa na Greensboro ya fito a 2015. A lokacin kamfanoni na sanya burbushin azurfa, ƙanana ƙwarai, a cikin bandeji da safa da kayan asibiti don kashe ƙwayoyin cuta, kuma mutane da yawa na ganin bakteriya ba za ta iya sabawa da azurfa yadda take sabawa da magunguna ba. Graves da ɗalibansa suka raini bakteriyar E. coli a cikin azurfar, suka ga cikin zuriya 225 kawai ta fara jurewa. Da suka karanta kundin gadonta sai suka gano 'yan haruffan da suka sauya har hakan ta faru. An yi aikin ne tare da Jeffrey Barrick na jami'ar Texas da ke Austin, ta hanyar wata haɗakar jami'o'i biyar mai suna BEACON da aka kafa a 2010. Ga haɗin gwiwa mai kyau: ƙaramar makaranta ta kawo tambaya da ɗalibai, babbar makaranta ta kawo ƙwarewar lissafin kwamfuta, sunan kowa kuma ya fito a takarda.

Wannan aiki mudun jami'a yana iya auna shi. Amma akwai wani aikin nasa da mudun bai cika kamawa ba. Tun daga littafinsa na 2001, The Emperor's New Clothes, zuwa The Race Myth na 2004, ya yi ta bayyana wa jama'a cewa rabon mutane zuwa fari da baƙi rabo ne na tarihi da siyasa, wanda ƙwayoyin gado ba su goyi bayansa ba. Hujjar a fili take. Tun 1972 Richard Lewontin ya nuna cewa kusan kashi 85 cikin 100 na bambancin gado tsakanin 'yan Adam yana cikin kowace al'umma ne, a tsakanin 'ya'yanta. Afirka kuma ta fi kowace nahiya yawan wannan bambanci, ta yadda Bahaushe da mutumin hamadar Kalahari na iya fin Bature da Basine nisa da juna, alhali a takardar asibitin Amurka akwati ɗaya ake sa su.

Wani zai ce ai wannan maganar siyasa ce. To a jihar nan magana ce ta rai da zuriya. Daga 1929 zuwa 1974 hukumomin Karolina ta Arewa sun yi wa mutum kusan 7,600 aikin hana haihuwa, da yawansu ba da yardarsu ba, bisa zargin cewa suna ɗauke da mugun iri, kuma a shekarun ƙarshe mata baƙar fata abin ya fi shafa. Sai a 2013 majalisar jihar ta ware dala miliyan 10 don biyan diyyar waɗanda suka rage da rai. Waɗanda suka shimfiɗa wancan ra'ayi manyan malaman jami'a ne a zamaninsu, ana ambaton su, ana karrama su. Da an yi musu lissafin Hirsch da sun ci. Haka nan har zuwa 2021 asibitocin Amurka na amfani da wani lissafin ƙarfin ƙoda da ke ƙara wa baƙar fata maki don launinsa kawai, sai ƙodarsa ta yi kamar ta fi lafiya, a jinkirta sa shi a layin dashe. Muryoyin masana da likitoci da ɗalibai da yawa ne suka taru aka soke shi, aka kuma gyara wa dubban marasa lafiya matsayinsu a layi. Wa zai iya ƙirga rabon kowane littafi a wannan gyara? Babu. Amma akwai wanda ya sami ƙoda saboda shi.

Hujjar ɗaya ɓangaren

Adalci ne in kawo hujjar masu cewa kada a tambayi masani amfanin aikinsa, domin hujja ce mai ƙarfi. A 1987 wasu masu bincike a Osaka ta Japan suka lura da wasu haruffa masu maimaita kansu a kundin gadon bakteriya, ba su san aikinsu ba. A 2007 ma'aikatan kamfanin Danisco, ciki har da Rodolphe Barrangou wanda daga baya ya koma jami'ar jiha da ke Raleigh, maƙwabtanmu, suka nuna cewa garkuwa ce da bakteriyar yin kindirmo ke kare kanta da ita. A 2012 Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka mai da ita almakashin gyara DNA, abin da ake kira CRISPR. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da Casgevy, maganin amosanin jini da aka gina a kan wannan almakashi. Da a 1987 an tsare mutanen Osaka da tambayar wa aikinsu zai amfana, da ba su da amsa.

Na yarda da wannan. Ilimi kamar dashen giginya ne, mai dasawa ba lallai ya sha inuwar ba. Amma mu bi labarin zuwa ƙarshensa. Farashin da aka sa wa Casgevy a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, inda ake ƙiyasta haihuwar jarirai kusan 150,000 da cutar kowace shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da ƙwayar gadonta. An bayyana cutar a mujallar likitoci tun 1910, Linus Pauling ya gano matsalar tana cikin sinadarin jan jini a 1949, Anthony Allison ya nuna alaƙarta da zazzaɓin cizon sauro a 1954 daga binciken da ya yi a Gabashin Afirka. Sama da shekara ɗari ana rubutu, an sami lambobin yabo, amma uwa a Gwarzo ko Tasawa har yanzu abin da ke hannunta ruwan ɗumi ne da addu'a idan ciwon ɗanta ya tashi da tsakar dare. Ba za a ɗora wa mai binciken Osaka laifin wannan ba. Sai dai 'yancin da yake da shi na bin tambayarsa duk inda ta nufa bai wanke wanda ya zo har gadon mara lafiya ya ɗebi jininsa ba. Wancan da bakteriya yake hulɗa. Wannan ya karɓi amanar mutum.

Kura da shan bugu

Mu mutanen Arewa ba sai an ba mu labari ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano a kan yara 200, wajen rabi aka ba su sabon maganin, sauran aka ba su wani da aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi kisan, kuma bai amsa laifi ba ko a sulhun dala miliyan 75 da ya yi da gwamnatin Kano a 2009. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, da aka zo biyan diyya sai aka ce masu nema su yi gwajin DNA don tabbatar da cewa 'ya'yansu ne aka yi wa gwajin. Mutane da yawa a Kano ta wannan ƙofa suka fara jin sunan ilimin da nake karantawa. Kuma da aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003, labarin Trovan na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi. Wanda maciji ya sara, in ya ga igiya sai ya yi tsalle. Yaran da shan inna ya kama a shekarun da suka biyo baya ba sa cikin lissafin tasirin kowa.

Yanzu mu duba wani aikin a wannan gari na Kano. Yaro mai sikila na cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. A Amurka ana kare shi da ƙarin jini duk wata, abin da bai yiwuwa ga yawancin iyalanmu. Likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, irin su Najibah Galadanci da Shehu Abdullahi, suka haɗa hannu da Michael DeBaun na jami'ar Vanderbilt don gano ko ƙwayar hydroxyurea, mai sauƙin kuɗi, za ta iya tsayawa a madadinsa. A gwajin da aka buga sakamakonsa a 2022, an bi yara 220 a Kano da Kaduna, aka ga ƙaramin awo na maganin yana ba da kariya daidai da matsakaicin awo. Tambayar daga buƙatar Kano ta taso. Sunan likitan Kano ne a farkon takardar. An horar da ma'aikatan gida yadda za su auna gudun jini a kan yaro da na'ura don gano wanda ke cikin haɗari, kuma wannan ƙwarewa ba ta hau jirgi ta koma ba. Gari ɗaya, baƙi daga ƙasa ɗaya, kuma duka biyun haɗin gwiwa ake kiran su a takarda.

A fannin ƙwayoyin gado ma haka abin yake da fuska biyu. Wani nazari na 2019 ya nuna cewa kusan kashi 78 cikin 100 na mutanen da aka yi manyan binciken gado a kansu 'yan asalin Turai ne, 'yan asalin Afirka kuwa kusan kashi 2. Ke nan gwajin da aka gina a kan wannan ilimi ya fi yin kuskure a kanmu. Don haka rufe ƙofa ba mafita ba ce. Muna bukatar a karanta namu kundin. Abin dubawa shi ne sharuɗɗan. Jinin Yarabawa 90 na Ibadan da aka yi aikin HapMap da shi a farkon shekarun 2000 a jihar New Jersey aka adana shi. Da Charles Rotimi da abokansa suka tsara shirin H3Africa a 2010, sai suka dage cewa masanan Afirka ne za su jagoranci ayyukan, a kuma ajiye samfuran a nahiyar, ɗaya daga cikin rumbunan ma a Abuja yake. A 2020 shirin ya buga nazarin mutum 426 daga ƙabilu 50, aka sami sauye-sauyen haruffa fiye da miliyan 3 da kimiyya ba ta taɓa rubutawa ba.

Kada kuma mu manta wanda ke ɗaukar haɗari. Takardar da ta fito a mujallar Science a Agustan 2014 kan kundin gadon ƙwayar Ebola a Saliyo, wadda Pardis Sabeti ta Harvard da Christian Happi na jami'ar Redeemer's da ke Nijeriya ke cikin marubutanta, mutum biyar daga cikin masu suna a kanta sun rasu da cutar kafin a buga ta, ciki har da Dokta Sheik Humarr Khan na asibitin Kenema. A Nuwamban 2021 masanan Botswana da Afirka ta Kudu suka sanar da duniya nau'in korona na Omicron da zarar sun gano shi, ladan da ƙasashensu suka samu shi ne hana 'yan ƙasar shiga Turai da Amurka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Namu hakkin

Me ya shafe mu, mu ɗalibai? Ya shafe mu domin mu ne gada. A wani taron masana da na halarta, wani malami da ya ji daga inda na fito ya ja ni gefe cikin fara'a ya tambaye ni ko zan iya samo musu samfurin jini daga mutanenmu, ya ce za a sa sunana a takarda. Ba mugun mutum ba ne, kuma tayin na da daɗi ga mai neman gurbin digirin digirgir. Na tambaye shi wane likita a gida zai jagoranci aikin, da kuma inda jinin zai kwana bayan an gama. Ya ce ba su kai nan a tunani ba tukuna. Irin wannan tayi zai zo wa da yawanmu, a kan jini ko ƙasar noma ko irin gero ko bayanan asibiti. Baƙo ba ya shiga unguwa sai da ɗan gari, kuma idan dattijo ya miƙa hannu aka soka masa allura, fuskarmu ya duba da sunan iyayenmu, ba tambarin jami'ar da ke kan takardar ba. Kalmar DNA ma ba mu gama yi mata suna da Hausa ba. Wanda zai fassara takardar neman yarda, shi ke riƙe da ikon bayyanawa ko ɓoyewa.

A nawa ganin, kafin ɗayanmu ya sa hannu a irin wannan aiki, ya kamata ya iya amsa wasu tambayoyi a gaban mahaifiyarsa, da harshen da take ji. Wa ya kawo tambayar binciken, kuma ciwon wa za ta magance? Shin wanda aka ɗebi jininsa ya fahimci abin da za a yi da shi, ya kuma san yana iya cewa a'a ba tare da an hana shi magani ba? Ina za a ajiye jinin da bayanan, wa ke da mabuɗi, wa zai ci riba idan wani kamfani ya nema? Idan kuɗin tallafi ya ƙare baƙi suka tafi, me zai rage a asibitin: na'ura mai aiki, ma'aikaci mai horo, ko kuwa firiza da ba wuta? In amsoshin sun sa mutum sunkuyar da kai, to sunansa a takarda bai kai kuɗin ba.

Na san akwai mai cewa ɗalibi ba shi da ƙarfin gindaya sharaɗi, bizarsa da abincinsa duk a hannun malaminsa suke. Gaskiya ne, kuma ban ce kowa ya ja daga da wanda ke duba aikinsa ba. Amma tambaya cikin ladabi ba ta kori kowa daga makaranta, kuma sau da yawa malamin bai taɓa samun wanda ya yi masa ita ba. Waɗancan ɗalibai huɗu na A&T 'yan ajin farko ne, ba su da digiri ko ɗaya, kofi kawai suka nema a teburin da aka hana su, kuma kafin ƙarshen Yulin 1960 teburin ya buɗe ga kowa. Ban kuma ce dole kowa ya tattara ya koma gida gobe ba. Rotimi daga Amurka ya yi nasa aikin, Happi ya koma ya kafa cibiyarsa a Ede ta jihar Osun, kowannensu kuma ya biya wani abu daga bashin da ke kansa.

Tun muna makarantar allo aka koya mana roƙon ilimi mai amfani da neman tsari daga wanda ba shi da amfani, tun kafin mu san akwai mujallar kimiyya a duniya. Mu buga takardu, mu nemi a ambace mu, domin da wannan mudu ake sayar da hatsi a kasuwar da muka shigo. Amma kowannenmu ya riƙe mudu na biyu a cikin jakarsa, wanda zai auna da shi ko wani yaro a Kano ko Maraɗi ya kwana lafiya saboda abin da ya karanta. Ina fata 'yan'uwa da ke fannin likitanci da shari'a za su ɗora a fitowa ta gaba, musamman kan yadda za mu rubuta takardar neman yarda da Hausar da kaka za ta gane.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya mai da mu gida lafiya.